FILIN SANA'A: Sabuwar kwamfuta ta ƙi tashi

A watan jiya filin nan ya yi magana kan batir ɗin fano da yadda ake tsare shi daga zafi. A wannan wata magana ta faɗo kan kwamfuta, wadda ƴan lakkol ke kira odinater. Kada manomi ko makiyayi ya ce ba ruwansa. Daga Gidan Rumji har Agye da Gazawa, a bakin babbar hanya, akwai rumfunan da ake buga takarda ko a zuba karatu da waƙa cikin waya. Sau da yawa kuɗin gona ne ko na garke ke sayen na'urar.

Ga labarin wani manomi na ƙasar Gazawa. Ɗansa ya bar kolej, ya ce yana son buɗe irin wannan rumfa. Uban ya sayar da buhu takwas na aya da maraƙi guda, ya ba shi. Yaron ya tafi Maraɗi. Bai sayi haɗaɗɗiya ba, don ta fi tsada. Ya sayo kayanta ɗai ɗai, wasu sababbi, wasu na hannu. Ya kwana yana haɗawa. Da safe jama'a suka taru. Ya danna maɓalli. Shiru. Ya sake dannawa. Shiru.

Uban ya ce: "Kai, ina ayata?"

Wani ya ce ɗan kasuwa ya cuce shi. Wani ya ce an sa mata hannu. Wani kuma ya ce a sayar da tunkiya a sayo sabon akwatin wuta. Wannan shawara ta ƙarshe ita ta fi muni, don ita ke cinye kuɗi a banza.

Allah ya sa kawun yaron, mai gyaran rediyo da waya a Gidan Rumji, ya zo suna cikin garin. Ya ce wa uban: "Yaya, a yi haƙuri. In saniya ta ƙi tashi, makiyayi ba ya fara kiran mahauci. Sai ya duba baki, ya duba ƙafa, ya duba ciki." Ya ce da yaron: "Ɗana, abu ɗaya za mu riƙa taɓawa, mu gwada, sannan mu wuce gaba. In ka taɓa biyar lokaci guda, ko ta tashi ba ka san inda cutar take ba."

Suka fara daga wuta. Kawu ya sa cajar waya a inda aka sa kwamfutar, ya ga akwai wuta. Ya juya bayan na'urar. Can akwai ɗan makunni mai alama 1 da 0. Yana kan 0. Ya mai da shi kan 1. Mutane da yawa sun hau mota har Maraɗi saboda wannan ɗan abu.

Nan akwai abin lura. Wasu tsofaffin akwatunan wuta suna da wani jan makunni mai lamba 115 da 230. Wutar Nijar, ko ta layin da ke zuwa Gazawa daga Katsina ko ta inji, 220 zuwa 230 ce idan ta iso gida. Ta Amurka kuwa 110 zuwa 120 ce. In makunnin yana kan 115 aka sa masa wutar nan, akwatin ya ƙone nan take. A duba shi tun kafin a sa wuta. Wanda kuma ke aiki da fano da batir mai 12, ya duba ƙarfin na'urar da ke juya wutar. Mai wat 150 tana iya ɗaukar ƙaramar talabijin, amma babbar kwamfuta da gilashinta sukan fi ƙarfinta. Kamar a ɗaura wa ɗan maraƙi garma ne.

Aka danna. Har yanzu shiru. Kawu ya cire waya daga wuta tukuna. Ya taɓa ƙarfen jikin na'urar da hannu, don lokacin hunturu ne, jikin mutum na tara ƴar wuta, irin wadda ke tartsatsi a bargo da dare. Ba ta cutar mutum, amma tana kashe ƙananan kaya. Akwatin wutar kansa kuwa ba a buɗe shi sam. Yana riƙe wuta ko an cire waya, kuma tana iya kisa.

A ciki akwai babban allo, shi ne uwar kayan duka. Igiya biyu ke kai masa wuta. Babbar tana da baki 24. Ƙaramar tana da baki 4 ko 8, tana shiga kusa da fanka, ita ke ciyar da ƙwaƙwalwar na'urar. Yaron ya sa babbar, ƙaramar tana reto. Kawu ya sa ta. Ya bi siraran wayoyin da ke zuwa daga maɓallin gaba, ya tarar an sa su a gurbin da ba nasu ba. Sunan kowane gurbi yana rubuce jikin allon da ƙananan baƙaƙe. Wanda ya yi yaƙi da jahilci yana iya gwama su da na jikin wayar, ko bai ji Turanci ba. Ya kuma leƙa ƙarƙashi, don allon ba ya kwanciya kan ƙarfe tsirara. Yana zama bisa ƴan ƙafafu, in babu su wuta na haɗuwa.

Aka mai da wuta, aka danna. Fanka ta juya. Yara suka yi ihu. Amma gilashi baƙi ƙirin.

Uban ya ce: "To, ta yi numfashi, ba ta buɗe ido ba."

Irin wannan, yawanci ram ce. Ram ƴar doguwar falle ce, tsawonta bai kai taƙi ba. Ita ce masussukar na'urar, nan take baza aikin da ke hannunta. In ba ta zauna daidai ba, babu abin da zai fito. Kawu ya cire wuta, ya zare ta, ya hure ƙura, ya mai da ita, ya danna gefe biyu har ta ce ƙas. Yaron ya ji tsoron karya ta, shi ya sa ya bar ta rabi a waje. Amma a duba tsagar da ke bakinta. Ram iri iri ce. DDR3 ba ta shiga gurbin DDR4. In tsaga ba ta yi daidai ba, ƙarfi ba ya sa ta shiga, sai dai ya fasa.

Da ram ba ta yi ba, da sauran wuri biyu. Na ɗaya igiyar gilashi: in an ƙara wa na'urar katin hoto, a jikinsa ake sa ta, ba a jikin babban allo ba. Na biyu ɗan batir mai kama da kwabo, lambarsa CR2032, ƙarfinsa 3. A cire shi minti biyar, a mai da shi. Allo na hannu yakan zo da tsarin tsohon mai shi, wannan ke goge shi.

Wannan karo rubutu ya fito, fari bisa baƙi, ya tsaya nan. Yaron ya karanta, ya ce: "Kawu, ta ce ba ta ga abin tashi ba." Kawu ya yi dariya. Wannan ba cuta ba ce. Rumbun ajiyarta sabo ne, babu ko zangarniya a ciki. Sai an zuba mata Windows ko Linux daga kile. Ana kunnawa, a danna Del ko F2, a shiga wurin da ake kira BIOS, a gaya mata ta fara daga kile. A nan ma ake ganin ko ta san da rumbun. In ba ta gan shi ba, a duba igiyoyinsa.

Kafin ya rufe, Kawu ya ɗaga fankar ƙwaƙwalwa ya ga an cire ledar da ke ƙasanta, an kuma shafa man da ke ja mata zafi. A Afrilu da Mayu zafin jihar Maraɗi na wuce 40. Na'urar da ke tashi ta mutu bayan ƴan mintoci, nan ake fara dubawa.

Wani lokaci kayan ne da kansu matattu. Sai a ɗauki abu ɗaya, a gwada shi a na'urar wani. In can ma bai yi ba, a koma wa ɗan kasuwa da shi da takardar ciniki. Wanda bai karɓi takarda ba, bakinsa kawai zai kai.

Kafin la'asar kwamfutar ta tashi sosai. Abin da aka fara rubutawa sunayen ƴan ƙungiyar manoman garin ne, mutum 34. Tunkiya tana nan a turkenta. Kawu ya ƙi karɓar kuɗi, amma ya tafi Gidan Rumji da tiya biyu ta aya.