Sun sani tun 2014, suka yi gum

A Amurka, tsohon sojan da zai ci bashin sayen gida bisa lamunin gwamnati yakan biya wani kaso ga ma'aikatar tsofaffin sojoji. Doka ta yafe wannan kaso ga duk wanda ake biya diyyar naƙasa. Amma a 2019 babban mai binciken ma'aikatar ya fallasa cewa tsakanin 2012 da 2017 an karɓe dala miliyan 286 daga hannun naƙasassu wajen 72,900. Shugabanni sun san da ɓarnar tun 2014, suka yi gum, suna jiran wanda aka cuta ya gano da kansa, ya kai kuka.

Sunayen naƙasassun a hannun wa suke, in ba ma'aikatar ba? Kuma ɗan kasuwa ya sani, kuɗin da aka cusa cikin bashi ruwa yake haifarwa kowane wata. Sai da asiri ya tonu aka mayar da fiye da dala miliyan 400.

Mu nan ba baƙon labari ba ne. Faransa ta daskarar da fanshon kakanninmu da suka yi mata yaƙi a 1959, ba ta daidaita shi sarai ba sai 2011, bayan ƙasa ta rufe idon akasarinsu.