Wasiƙa zuwa ga masu rufa wa jarumi baya

'Yan'uwana 'yan wasan Hausa,

Ku nake nufi da wannan wasiƙa, ku da ake kira lokeshan domin ku fito a uban yarinya, ko mai gadi, ko boka, ko mugun attajiri, a ɗauki fitowarku a yini ɗaya a sallame ku. Ina so mu duba rayuwar wani abokin sana'arku, Michael Ansara, wanda da yawanmu mun san fuskarsa ba mu san sunansa ba. Shi ne ya fito a Abu Sufyan cikin The Message, fim ɗin da Mustafa Akkad ya shirya a 1976 kan farkon Musulunci.

An haife shi a wani ƙauye a Siriya a 1922, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa Amurka yana ɗan shekara biyu. Ya koyi wasa a dandalin Pasadena Playhouse da ke Kalifoniya. Da ya shiga Hollywood, masu rabon aiki suka dubi tsayinsa da launin fatarsa da kaurin muryarsa, suka ajiye shi a layin baƙi. Ya fito a Yahuza cikin The Robe a 1953. Daga 1956 zuwa 1958 ya zama Cochise, shugaban ƙabilar Apache, a shirin talabijin na Broken Arrow. Bayan haka aka sake ba shi wani ɗan Apache, wannan karon jami'in tsaro mai ilimin jami'a, a Law of the Plainsman.

Akwai rashin adalci a wannan tsari, domin 'yan asalin Amurka sun fi kowa cancantar fitowa a kakanninsu, kuma yau suna faɗin haka da babbar murya. Amma abin da ke hannun ɗan wasa shi ne yadda zai riƙe wanda aka ba shi. A zamanin da finafinan kaboyi suka saba nuna Indiyawan Amurka a matsayin maharan da ba su iya komai ba sai ihu, Cochise ɗin Ansara dattijo ne mai nutsuwa, mai auna magana, mai cika alkawari.

Wannan ita ce shawarata ta farko. Idan darakta ya ce ka fito a Bafulatanin daji, ko ɗan kasuwa Ibo, ko baƙauye da ya shigo birni, ka tuna akwai masu rai da za su kalla su ga kansu. Karya harshe da sa hula a karkace suna kawo dariyar minti ɗaya, amma raini suke shukawa. Je ka zauna da mutanen, ka ji yadda suke gaisuwa, yadda suke ciniki, yadda suke yin shiru idan ransu ya ɓaci. Mutuncinsu amana ne a hannunka.

Ta biyu ta shafi masu fitowa a abokin gaba. Ku sake kallon Abu Sufyan ɗin Ansara. Yana gaban Anthony Quinn da ya fito a Sayyidina Hamza da Irene Papas da ta fito a Hindu, amma bai nemi ya fi su da zare ido ko daka tsawa ba. Ya nuna shugaban Ƙuraishawa mai lissafi, wanda ke tsoron rushewar kasuwar Makka da martabar gidansa. Saboda ya gina shi a kan dalili, lokacin da mutumin ya sallama gab da buɗe Makka, mai kallo ya ga sauyin zuciya na gaske. Kafin ka tsaya gaban kyamara, tambayi kanka me wannan mutum yake tsoron rasawa. Idan ba ka da amsa, ba ka shirya ba.

Ta uku, kada ku raina gajeriyar fitowa. A 1968 Ansara ya fito a kashi ɗaya tak na Star Trek a matsayin Kang, kwamandan mayaƙan Klingon. Ya yi shi da nauyin da masu kallo ba su manta ba, har aka sake kiransa ga wannan rawa a 1994, sannan a 1996, ya haura shekara 70. Haka kuma ku kula da murya. A 1992 ya ara wa Mr. Freeze murya a zanen Batman, kuma da sanyin lafazi kaɗai ya isar da baƙin cikin mutumin da ya rasa matarsa. Ku karanta layukanku da ƙarfi a gida, ku san inda za ku ja numfashi, ku daina dogaro da cewa za a gyara a wurin tace hoto.

Na san kuɗin da ake ba ku bai kai wahalarku ba, kuma sau da yawa ba a ba ku labarin sai kun isa wurin ɗauka. Ku nemi a ba ku shi da wuri, haƙƙinku ne. Ansara ya rasu a 2013 yana da shekara 91, bayan fiye da rabin ƙarni yana wannan aiki, mafi yawansa a gefen jarumi. Sana'a ce da mutum zai tsufa a cikinta da darajarsa, in ya riƙe ta da gaskiya.

Allah ya yi wa sana'arku albarka.

Naku,
mai kallon aikinku da girmamawa.