Kafin a Datse Kogi, a Tambayi Mai Fadama

'Yan'uwa marubuta, da an ambaci madatsar ruwa sai mu hau tafi, wai ci gaba ya zo. Ba mu tambayar ina makomar manomin da ke ƙasan madatsar, wanda shinkafarsa da kifinsa da kiwonsa suka dogara ga ambaliyar da ke kwanciya a fadama kowace damina.

Kogin Sakkwato daga nan yankin Funtuwa ya taso. A 1978 aka datse shi a Bakolori. Manoman da aka raba da gonakinsu suka nemi diyya, a watan Afrilu na 1980 aka amsa musu da harsashi. Daga baya masani William Adams ya bi ƙauyukan da ke ƙasan madatsar, ya tarar ambaliya ta ragu, masu shinkafa sun koma gero da dawa, masunta sun rasa kamu.

Haka aka yi a Kano. An datse Tiga a 1974, Challawa a 1992. Binciken da Edward Barbier da abokansa suka yi ya nuna cewa ruwan da aka bari ya malala fadamar Haɗejiya da Nguru ya fi kawo wa jama'a amfani nesa ba kusa ba a kan wanda aka tare don noman rani na Kadawa. Da aka sauya wa kogin tafiya, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Shawarar masana ita ce a riƙa sako ruwa da damina yadda fadama za ta sha.

To, wa ya karanta wa manomi wannan? Da Turanci aka rubuta, aka kulle a ɗakunan karatu. Mu kuma da ke riƙe da alƙalamin Hausa muna can muna ƙirga hawayen masoya.

A 2006 aka ba da kwangilar madatsar Jare a Bakori, aikin ya shafe shekaru a yashe, kukan kowa shi ne a ƙarasa. A ƙarasa mana! Amma wa zai sha, wa zai rasa? Wa ke da mabuɗin sako ruwa? Ina burtalin makiyayi? Masu cewa wannan aikin injiniya ne, su tuna ba injiniya aka binne a Bakolori ba.

Mu fassara binciken nan, mu sa shi a labari da wasan kwaikwayo, manomin Bakori ya shiga taro da hujjarsa a hannu. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.