MAN GANYE YANA RAGE CIWO, AMMA MU SAN IYAKARSA

'Yan'uwa manoma, bayan huɗa da noman firi, kusan kowane gida za ka ji ana kukan baya, ko ƙugu, ko gwiwa. Sai a kai hannu ga gwangwanin man zafi. Yanzu kuwa masu talla sun shigo kasuwanninmu da ƙananan kwalabe na man kanumfari, da na na'ana'a, da na itacen turare, suna cewa wai suna warkar da kome. Mu dai ra'ayinmu shi ne: waɗannan mayuka suna da amfani na gaskiya, amma tilas ƙungiyoyinmu su koya wa mutane iyakarsu.

Bari mu fara da amfanin. A cikin man kanumfari akwai sinadarin da ake kira yujinol, wanda ya fi kashi 70 cikin 100 na man. Shi ne yake kashe zafin jijiya, ya kuma rage kumburi, shi ya sa likitocin haƙori suka daɗe suna aiki da shi. Daddoyar da take bayan ɗakunanmu ma, akwai irinta mai ɗauke da shi. Man na'ana'a kuwa yana da mental, wanda yake sa fata ta ji sanyi har ciwon ya lafa. Mental ɗin, da kafur, da man turare, su ne ake haɗawa cikin man zafi iri iri na kanti. Ashe iyayenmu da suke ɗora kanumfari a kan haƙori mai ciwo ba su yi wauta ba.

To, amma ganye dabam, mansa dabam. Da tururi ake fitar da shi: tururin ya ratsa ganye ko saiwa, a sanyaya shi, sa'an nan a raba mai da ruwa. Busasshiyar citta, irin wadda ake nomawa a Kachia da Kwoi, kilo 100 ba ya ba da fiye da kilo 1 zuwa 3 na mai. Ku duba irin ƙarfin da aka tara cikin 'yar kwalba guda! Cokalin shayi ɗaya ko biyu na man kanumfari yana iya lalata hantar ƙaramin yaro. Man turare da kafur, in an sha, suna iya kawo jijjiga da suma.

Saboda haka muna roƙon shugabannin ƙungiya su karanta wa mutanensu waɗannan a taro mai zuwa. Kada a sha man. Kada a shafa shi tsantsa. A sa ɗigo 2 cikin cokalin shayi na man gyaɗa ko man kaɗe, a gwada a hannu tukuna. Kada ya taɓa ido ko buɗaɗɗen rauni. Kada a shafa wa jariri a hanci ko ƙirji, gama yana iya hana shi numfashi. Mace mai ciki ta tambayi ungozoma. Kwalbar kuwa a ajiye ta inda yara ba su kaiwa, kamar yadda muke yi da maganin feshi.

Abin da ya fi damunmu shi ne wannan: ciwo ɗan saƙo ne. Mai yana iya rufe bakin ɗan saƙon, amma bai kori cutar ba. Haƙorin da ya ruɓe sai an cike ko an cire. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, da yaro mai amosanin jini, da wanda ya faɗi daga amalanke, da wanda maciji ya sara, asibiti ne nasu, ba tare da jinkiri ba. Ciwon da ya wuce kwana uku bai sauka ba, shi ma a kai shi.

Mu dasa daddoya da na'ana'a a lambunanmu, mu yi aiki da su da hankali. Amma in mai talla ya ce kwalbarsa ta isa ta hana mu zuwa asibiti, mu riƙe kuɗinmu, mu bar masa kayansa.