Ra'ayinmu: Amanar Ɗalibai a Hannun Ƙirƙirarriyar Basira

'Yan uwa malamai da iyayen yara,

Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen shekarar 2022, ƙirƙirarriyar basira take ta kutsowa cikin aikinmu, har ta kai yau tana zaune a cikin WhatsApp ɗin da ke wayoyinmu. Da yawa daga cikinmu mun fara neman taimakonta wajen tsara darasi da shirya tambayoyin jarrabawa. Ba mu ga aibin hakan ba, musamman ga malamin da ke fama da aji mai cunkoso. Damuwarmu guda biyu ce.

Ta farko, manhajar ba ta ganin wanda take magana da shi. Idan yarinya 'yar aji huɗu ta ɗauki wayar mahaifiyarta ta yi tambaya a kan jikinta, ko a kan wani abin da ke ci mata rai, tana iya samun amsar da aka tanadar wa babba. Malami kan dubi fuskar yaro da shekarunsa da gidan da ya fito kafin ya buɗe baki. Wannan lura ita ce rabin tarbiyya.

Ta biyu, sirri. Duk malamin da ya zuba sunayen ɗalibai da makinsu da larurorinsu a cikin irin wannan manhaja domin ta rubuta masa rahoton ƙarshen zango, ya miƙa amanar da aka ba shi ga rumbun wani kamfani da ke wata ƙasa. Wasu kamfanonin kan yi amfani da hirar wajen horar da manhajojinsu, sai dai in mai wayar ya kashe wannan zaɓi da kansa.

Duniya ba ta zuba ido ba. A watan Maris na 2023 Italiya ta dakatar da ChatGPT na ɗan lokaci saboda batun bayanan jama'a da rashin tantance shekarun masu amfani da shi. A shekarar ce kuma UNESCO ta ba da shawarar kada yaron da bai kai shekara 13 ba ya yi amfani da irin waɗannan manhajoji a aji. A nan gida, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta neman yardar iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro.

Saboda haka muna kira ga uwar ƙungiya da ta matsa wa hukumomin ilimi su fitar da ƙa'ida a rubuce: kowace manhajar da za ta shiga makaranta ta iya bambance yaro da babba, ta tura yaron da ke cikin damuwa wajen iyaye ko malami, ta kuma bayyana inda take ajiye abin da aka faɗa mata. A horar da malamai tukuna.

Kafin nan, kada ɗayanmu ya sake shigar da sunan ɗalibi a manhaja. Iyaye kuma su zauna kusa idan yaro ya karɓi waya. Mu aka damƙa wa yaran nan, mu kuma za a tambaya.