Darasin Tsohon Layin Dogo Ga Burtalin Gwadangaji

A shekarar 1979 waɗansu masu sha'awar hawan keke a Ingila suka yi gayya a kan wata tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da aka daina amfani da ita tsakanin garin Biristol da Bath. Suka sare ciyayi, suka zuba tsakuwa, ba don a biya su ko anini ba. Kafin 1986 ta ƙare hanyar ta zama ta masu tafiya a ƙasa da mahaya keke, tsawonta mil 13. A Amurka kuwa, tun 1983 aka yi doka wadda ta ba da damar a riƙe irin waɗannan hanyoyi a dunƙule, jama'a na shan iska a kansu, har ranar da jirgi zai sake bukatarsu.

Abin lura a nan shi ne dalilin da ya sa suka yi hanzari. Hanya doguwa ce siririya, amfaninta duka yana ga haɗewarta. In mutum ɗaya ya kafa gida a tsakiyarta, to, sauran ta zama banza.

Ƙasar Hausa ma ta taɓa samun irin wannan dama. Turawa sun shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya zuwa Jos don kwasar kuza, ya isa Bukuru a 1914. Da babban layi ya shiga Jos ta Kafanchan a 1927 sai kasuwarsa ta faɗi, aka rufe shi a 1957, aka ɗebe ƙarafa. Yau matasa nawa ne za su iya nuna inda ya bi? Gani ga wane, an ce, ya ishi wane tsoron Allah.

Mai karatu zai ce, ina ruwan Kabi da wannan zance, tun da jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Birnin Kebbi ko Argungu ba, a Ƙaura Namoda ya tsaya tun 1929? Gaskiya ne. Amma fa Kabawa suna da tasu doguwar hanya siririya wadda ta girmi jirgi, watau burtali, wanda shanu ke bi tsakanin gonaki daga tudu zuwa fadamar Rima. Tun da Birnin Kebbi ya zama hedkwatar jiha a 1991 gari yake ta faɗaɗa, har gine-gine suka tarar da Gwadangaji. Inda fili ya yi daraja kuwa, burtali ne farkon abin da ake gutsura, manomi ya ƙara kunya biyu, mai gini ya ja katanga. Ran da makiyayi ya iske hanya a toshe sai dabba ta faɗa gona, daga nan sai sanda, sai gaban alƙali, wani lokaci har jini.

Waɗansu za su ce yawon shan iska na wanda ya ƙoshi ne. Lalle ba a musun haka. Sai dai burtali ba na shan iska ba ne kawai. Ta nan yaro zai bi zuwa makaranta ba tare da ya yi gogayya da babura a kan kwalta ba, ta nan mai jaki zai kwaso shinkafa daga fadama. Kuma kada garin gyara a kori mai hanya, domin shanu su ne na farko, mai keke baƙo ne.

Aikin bai fi ƙarfin jama'a ba, gayya kuwa ba a Ingila aka koyo ta ba. Hakimi da dagatai da arɗo da dattawan manoma su zauna su nuna iyakokin asali. Samari su fito da damina su dasa dogon yaro a gefe da gefe, don itace shaida ne da ba ya karɓar toshiya. Ƙaramar hukuma ta rubuta a takarda, tun da dokar filaye ta 1978 ta ba ta hannu a kan filayen karkara.

Ɗaliban Hausa ma da nasu rabo. Kowane burtali yana da suna da tarihi a bakin tsofaffi. In an tafi hutu, a ɗauki alƙalami a rubuta tun masu sani suna raye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya sa a farga da wuri, amin.