Zuwa Ga Likitocin Da Ke Duba Masu Ciwon Parkinson



Lokacin da James Parkinson ya bayyana wannan ciwo a 1817, ya ɗauka jiki kaɗai ke karkarwa, hankali kuwa na nan daram. Har yau da wannan ido ake duba majinyata da yawa: a kalli hannu, a kalli tafiya, a rubuta levodopa, sai wata mai zuwa. Alhali binciken Sydney, wanda ya bi majinyata shekara 20, ya tarar kashi 83 cikin 100 na waɗanda suka kai lokacin da rai sun kamu da ciwon mantuwa. Hanyoyin sadarwar ƙwaƙwalwa ciwon yake yankewa. Idan dopamine ya ragu, hanyar da ta haɗa goshin ƙwaƙwalwa da cikinta ta raunana, sai tsara aiki ya yi wuya, mai shago ya rikice a lissafin canji. Wannan kan daɗe bai tsananta ba. Abin tsoro shi ne lalacewar hanyoyin acetylcholine da ɓangaren ƙeya mai fassara abin da ido ya gani. Daga nan dattijo ke fara ganin baƙi a ɗakinsa, iyali su ce iskoki ne, su ɓoye muku.

Za ku ce ba ku da na'urar MRI. Ba sai da ita ba. Masu bincike a Cambridge sun gano cewa kasa ambaton dabbobi 20 cikin daƙiƙa 90, da kasa kwaikwayon zane mai kusurwa biyar, na nuna wanda mantuwa za ta fi saurin kamawa. Gaskiya ne zane ba adalci ba ne ga wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba, kuma a kan Turawa aka auna adadin. To ku auna mutum da kansa: na bana da na bara.

Wani zai ce mene ne amfanin gano abin da ba ya warkewa? Amfanin yana cikin takardar maganin da kuke rubutawa. Benzhexol, wato Artane, yana da araha kuma yana kwantar da karkarwa, amma acetylcholine ɗin da ya rage wa tsoho shi yake toshewa. Idan gane-gane suka fara aka ƙara haloperidol, jiki ya sandare. Rivastigmine kuwa, wani gwaji na 2004 ya nuna yana ɗan taimakawa. Saboda haka kafin ku sabunta Artane ga mai shekara 70, ku keɓe matarsa ko ɗansa ku tambaya ko Baba na ganin abin da ba kowa ke gani ba.